Buntun Shinkafa da Bijimin Baba

Misrata, Libiya

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Hoton bijimin ya iso jiya. Ba ƙiba ya yi ba, cikinsa ne ya kumbura. Ya jikin Inna, ya yara? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na san ba sakaci kika yi ba. Tunda ba a shiga gonarmu ta Rawayya bana ba saboda 'yan bindiga, babu harawa, babu dusa, sai buntun shinkafa da kanwa kike ba shi don ya sha ruwa ya cika ido. Amma buntu ba ya zama nama. A gidan kiwon da nake aiki, masara da angurya ne ke ɗora tsoka, su sa kitse ya ratsa naman ya yi taushi. Mahauci ba ciki yake dubawa ba, tozo da gindin wutsiya yake matsawa. Tozon nasa kuwa ya kwanta.

Shi kaɗai ya rage cikin shanun Baba, kuma da kuɗinsa muka yi niyyar kama wa Inna ɗaki kusa da asibiti a Gusau. A yadda yake, ban ga zai kai ba.

Ni lafiya nake. An rage mana abinci, amma shanun da nake kiwo suna ƙoshi, ni ma ina lallaɓawa.

Na roƙi Sabiru direba ya kawo miki buhun angurya daga Tsafe. An ce motarsa ta tashi tun ranar Talata. Har yanzu ba wanda ya tabbatar mini ta isa Gusau.

Ƙaninki,
Zaharaddeen