Wa Zai Karɓi Hannatu?

Gumel, ranar Talata

Zuwa ga ɗana Ishaƙ, a Maigatari.

Assalamu alaikum. Haulatu maƙwabciyarmu mai ɗinki ke rubuta mini, kuma na ce mata kada ta tausasa ko kalma ɗaya. Ya iyali, ya hidimar motoci? Mu nan da sauƙi za a ce, amma ba lafiya ba.

Buhun shinkafarka ya iso. Ka san wa ya cinye? 'Yan dubiya. Tun da ɓarin jikin yayanka ya shanye, gidan nan bai rabu da baƙi ba. Su cika mota daga Sule Tankarkar, su zauna, su ce sannu, Allah ya sa kaffara ce. Sai Hannatu matarsa ta ajiye fo, ta wanke hannu, ta ɗora musu tukunya. Su ci, su tafi da ladan dubiya, su bar mata kwanuka. Ba wanda ya taɓa cewa kawo ludayin in ba shi kunun.

Ita ke juya shi, ita ke masa wanka, ita ke wankin zannuwa. In an tambaye ta sai ta ce lafiya lau, ku kuma ku yarda, don yardar ta fi muku sauƙi. Shekaranjiya jiri ya kayar da ita a bakin murhu, wuta ta ci hannunta. Malamar asibitin da ta ɗaure mata ta ce wai a wasu wurare akwai masu zuwa su karɓi mai jinya ta je ta huta. Na ce mu namu mai karɓar yana Maigatari yana kallon tireloli.

Mahaifinta ya aiko daga Gagarawa. In aka ci gaba haka zai zo ya ɗauki 'yarsa, kuma babu ranar dawowa. Ni ban ga laifinsa ba. Ka zo Juma'a. Kada ka aiko komai, kai nake nema.

A gaida yara.
Mahaifiyarka, Safiyatu

Gumel, ranar Lahadi

Ishaƙ,

Sallama da gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Haulatu ce dai, ta bar ɗinkin mutane saboda kai.

Juma'a ta zo ta wuce. Ba ka zo ba, saƙonka ne ya zo jiya. Wai ƙanwarka Khairiyya ta faɗa maka abin da na yi, wai na zubar da kunya, wai ana ta magana a dangi.

E, na yi. Da na ga ba ka zo ba, ni da kaina na haɗa wa Hannatu kaya na tura ta Gagarawa, gara ta tafi ganin gida da a zo a ɗauke ta. Mai keken da ya kai ta tasha ya ce tun kafin su fita unguwa ta yi barci. Daga nan na rufe ƙofa, na dafa ruwa, na wanke yayanka.

Ɗan farina ne, na sani, ba sai Khairiyya ta tuna mini ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kakarku ce ta raine shi. Har ya yi furfura ban zauna kusa da shi ba. To na zauna. Da na juya shi na ga gyambo a bayansa kamar tafin hannuna, don ƙarfin Hannatu ya daɗe da ƙarewa. Ya kau da kai jikin bango yana hawaye. Na ce ya buɗe baki, kunu na hucewa.

Yarinya ta ƙone a gidanku, ba wanda ya ji kunya. Sai da tsohuwa ta wanke ɗanta kunyarku ta tashi.

Yanzu ka ji yadda za a yi. Kai yayanka na bin ka wanka da juyi kowace Juma'a har ka kwana, shi ya yi maka lokacin da ka karye kana yaro. Khairiyya kuwa, Hannatu na bin ta girki da wanki, tun da bakinta lafiya hannunta ma lafiya. Ɗan dubiya ko ya karɓi ludayi, ko ya sha ruwan randa ya kama hanya. Hannatu ba wanda ke bin ta komai, kada wanda ya kira ta a waya yana tambayar yaushe za ta dawo. Mahaifinta ya ce ba zai sake ta ba sai namijin gidan nan ya je da ƙafarsa ya faɗa masa wa zai riƙa karɓarta. Kai za ka je.

Haulatu ta sake rubuta yayanka, na ce ta soke. Ilu sunansa. Ilu na jiran ka Juma'a, kuma bayana ba zai ƙara ɗaga shi ba. Ruwan zan dafa, sauran naka ne.

Allah ya kawo ka lafiya.
Mahaifiyarku, Safiyatu