Kabarin Bature a Bakin Ƙorama

Yaya Iliyasu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali, yaya zaman Turabulus? Mu nan Gangara lafiya lau, gero ya fara fidda kai.

Ka tuna Baturen da Kaka ya binne, wanda jirginsa ya faɗi zamanin yaƙin duniya? Ruwan makon jiya ya cinye bakin ƙorama, ƙasusuwansa suka fito, da ɗan ƙarfe mai rubutu a wuyansa. Malamin lakwal, makarantar bokonmu, ya karanta, ya ce ashe ba Bafaranshe ba ne, mutumin Polan ne. An ci ƙasarsu da yaƙi, suka fita suna tuƙa wa Ingila jirage, suna sa ran komawa gida.

Muka haƙa masa wani kabari a kan tudu. Babu wanda ya san addu'arsu, sai muka rufe shi shiru. Tun ranar, in na shayar da tumaki a kwamin da Kaka ya ƙera da fiffiken jirgin, uwarsa nake tunani, tana zaune bakin ƙofa tana jira.

Haka Inna take zama kullum da la'asar, shekara goma sha ɗaya ke nan tun tafiyarka.

Ka gaida Zinatu da yara, ku sa mu a addu'a. Ka dawo, Yaya. Ba na son baƙi su rufe ka shiru.

Ƙanenka,
Sale