Bindigar da Mma Ta Kasa Ganowa

Nima, Accra
Watan Zulƙida, 1994

Zuwa ga yayata Hajiya Abibatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Alhaji Lauwali da yara baki ɗaya. Yaya Kano, yaya kuma gwiwar nan da kika ce tana hana ki sakat? Allah ya kawo sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan kowa lafiya. Uwarmu Mma tana nan da ƙarfinta, idonta da bakinta babu abin da ya ragu. Ƙanwarmu Asana ta sauka lafiya, an sami namiji, an yi suna a Maamobi. Matata Zelia ta ce in gaya miki turaren ya iso, har maƙwabta sun fara zuwa roƙo.

Yaya, zauna da kyau, yau da labarin nasara na zo. Na san da hannunki a shawarar da aka yanke mini bara, bayan 'yan fashi sun tare lorinmu a hanyar Kintampo suka sare ni a hannu. Mma ta ce na gama fataucin shanu daga Bawku ke nan, in je in zauna a shagon Kawu Musah a Kasuwar Malam Atta ina auna wa mata sukari. Ke kuma kika aiko da saƙo cewa gaskiyarta ne. Na yafe miki, don na san tsoro ne da ƙauna. Amma ki sani maganar ta hana ni cin abinci. Wannan hanya ita Baba ya bi har ya tsufa, ita ce kuma kaɗai sana'ar da na iya. In aka zaunar da ni a bayan kanta, wata uku ya isa in lalace.

Sai na shiga neman lasisin riƙe bindigar hannu. Na yi zirga-zirga wurin 'yan sanda har takalmina ya gaji, a ƙarshe dai aka amince. Na zo wa Mma da murna, ita kuwa ko gezau. Ta ce bindigar da ido ke gani kiran ajali ce, domin ɗan fashi wanda ya hango da makami shi yake fara harbewa. Sannan ta gindaya mini sharaɗi a gaban Kawu Musah. Ta ce tunda kullum da safe nakan zo gaishe ta, wata rana in zo da ita a jikina, wata rana in zo haka nan, ita za ta faɗa. In na zo da ita ta kasa ganewa, ta sake ni in koma hanya. In kuwa lokacin ɗauko dabbobin layya ya yi ban ci ta ba, to ni da sukari har abada. Kin dai san Mma. Matar da takan gane wanda ya ɗebi nama a tukunya daga yadda ya shigo ɗaki, ita zan ɓoye wa ƙarfe!

Na tafi wurin Baba Ziblim, tsohon sojan nan Badagombe, aminin Baba, ya raka ni kantin mai sayar da makamai da izinin hukuma. Aka fara nuna mini wata 'yar mitsitsiya, tafin hannu ya rufe ta. Ita kam ko Mma ba za ta gano ba. Amma Baba Ziblim ya ce ba ta da amfani ga mai sana'ata. Ya tuna mini cewa ba mutane kaɗai ne haɗarin hanya ba, akwai ranar da bijimi zai haukace a wurin sauke kaya ya nufi jama'a, ƙaramin harsashi kuwa ƙara masa fushi kawai zai yi. Dole sai mai babban harsashi. Ni kuma da na ji haka sai idona ya faɗa kan wata doguwar libarba mai sheƙi, mai cin harsashi lamba arba'in da huɗu, na ce ita ce tawa. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce kada in sayi komai tukuna. Ya auna guda uku da igiya, ya jinjina kowace a hannunsa, ya kai ni wurin wani maƙeri a Maamobi, aka ƙera mini ƙarafa uku masu tsawo da nauyin kowace ɗaya. Ya ce in fara zama da su a jikina, jikin ne zai zaɓa. Mma ta yarda, ta ce ƙarfe dai ƙarfe ne.

Ranar farko na soke doguwar a ƙugu, na saka batakarina mafi faɗi, rigar saƙin nan tamu ta arewa, na shiga da sallama ina jin kaina. Da na zo tsugunawa in gaishe ta, sai bakin ƙarfen ya tokare mini cinya, na tsaya a rabi, ƙafa ɗaya a miƙe. Ko amsa gaisuwar ba ta yi ba. Ta tambaye ni ko maruru ne ya fito mini, ko kuwa na yi girman da ba zan iya durƙusa wa uwata ba. Matan gidan suka kwashe da dariya, na fita kunya kamar ta kashe ni. A nan na rabu da doguwa, kuma ban yi kewarta ba.

Ta biyu shimfiɗaɗɗiya ce, mai lamba arba'in da biyar, amma nauyi gare ta. Na rataye ta a ƙarƙashin hamata. Tsugunawa ta yiwu lafiya lau, na fara murna a zuci, sai Mma ta ce in sauke kazar da na maƙale a hamata kafin ta mutu. Ashe hannuna na hagu a buɗe yake tafiya ban sani ba. Ban da haka ma, a cikin motar haya ta trotro zuwa Circle, yadda ake matse mutane, wani dattijo da ke gefena ya yi ta kallona yana matsawa. Ga zufar Accra, kafin azahar igiyar ta saɓule mini fata.

Saura ta uku, wadda tun farko na raina: gajeriyar libarba, bakinta bai fi tsawon yatsa ba, amma harsashinta babba ne, guda biyar take ci. Sumaila baduku ya ɗinka mata kube da fatar saniya, ya haɗa da faffaɗar ɗamara, ya ɗaga ta sama da ƙashin ƙugu inda ba ta taɓa cinya. Na tsuguna, na miƙe, na yi ruku'u da sujada, babu abin da ya motsa. Na ce yau Mma ta shiga hannu. Wallahi tun daga bakin ƙofa ta ce tana nan a dama. Raina ya ɓaci ƙwarai, na koma gida na ce wa Zelia tsohuwar nan da aljanu take aiki. Zelia ta ce babu wani aljani, ni ne nake tona kaina, duk taku kaɗan sai na kai hannu na shafa wurin. Daga ranar ta ɗauki aikin a kanta. Duk sanda hannuna ya nufi ƙugu, sai in ji ludayi a bayan hannu. Na sha duka, Yaya, a gidana, a gaban 'ya'yana. Haka na yi ta yawo da ƙarfen nan, kasuwa da masallaci da gidan suna, har ya zama ina mantawa da shi kamar yadda nake mantawa da hular kaina.

Da na ga haka sai na je na sayi ta gaskiyar, aka rubuta lambarta a lasisi. Baba Ziblim ya riƙa kai ni bayan gari inda aka yarda a yi harbi. Harbin farko ta buge ni har wuyan hannuna ya kumbura, amma ya koya mini riƙo da hannu biyu, ya kuma hana ni ɗora yatsa a kunamar bindigar sai na yi niyyar harbi. Na sa an yi mini akwatin ƙarfe mai kwaɗo saboda yara, makullin yana wuyana.

To, ranar Litinin da ta wuce, lokaci ya ƙure, abokan tafiya har sun kama lori. Na shiga wurin Mma, Kawu Musah yana zaune, ya ma zo da maganar ranar da zan fara zama a shago. Na tsuguna har ƙasa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce in ɗauko mata ƙwarya a saman kabad, na miƙa hannu biyu na ɗauko. Ta ce in jawo buhun masara daga lungu, na sunkuya na jawo. Ta ce in zauna a tabarma in yanke mata farcen ƙafa, na zauna na yanke, muna hirar sunan jaririn Asana. Da na gama sai ta yi ajiyar zuciya, ta ce wa Kawu ai ga shi yaron ya haƙura, yau haka nan ya zo, kuma ya fi kyan gani. Yaya, ban san sanda hawaye ya zo mini ba don daɗi. Na miƙe a hankali na ɗaga gefen batakarin.

Kawu ya yi salati. Mma ta daɗe tana kallon kuben, sannan ta ce in rufe, ba abin nuni ba ne. Na tsaya ina jiran ta ce ta sake ni, amma kin san ba za ta taɓa furta cewa an ci ta ba. Sai kawai ta juya ta ce daddawar Accra ba ta da ɗanɗano, in na isa Bawku in taho mata da ta can, da man kaɗe mai kyau. Da na kai bakin ƙofa ta kira sunana, ta ce Allah ya sa abin nan ya yi tsatsa a kubensa ban taɓa zaro shi ba. Na ce amin, kuma har cikin raina na faɗa.

Ki gaishe mini da Alhaji Lauwali da kyau, da Nafi da Jamiu da sauran yara, da Inna Damata in kin leƙa wurinta. Zelia da Asana da Kawu Musah suna gaishe ku, shi Kawu har yanzu bai gama mamaki ba. Jibi bayan asuba lorinmu zai tashi. Ki sa ni a addu'a, irin wadda Mma ta yi.

Ni ne ƙanenki mai ƙaunarki,
Sayibu