A Buɗe wa Yaran Ruga Ƙofar Malama Hauwa

Zuwa ga
Mai girma Shugaban Kwamitin Iyaye da Malamai,
Makarantar firamaren ƙauyenmu, gefen Bauranya, ƙasar Kusada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Binta, 'yar fari ga marigayiya Malama Hauwa, ina sayar da atamfa a kasuwar Kankia. Na rubuto a fili ne saboda godiyata ta jama'a ce, kukana kuma ba nawa ba ne ni kaɗai.

1. Da godiya zan fara, don ita ta fi yawa. Ranar da Allah Ya karɓi ran Inna, kun tashi makaranta, malamai da manyan ɗalibai suka raka ta makwancinta. Ranar sadakar bakwai kuwa, tsofaffin ɗalibanta suka yi ta zuwa daga Mawashi da Fakuwa har tabarmi suka ƙare, muka aro na masallaci. Bayan haka kun gyara rufin azuzuwan da ke yoyo, kun kewaye makaranta da katanga. A wannan zamani na rashin tsaro babu uwar da za ta ƙi katanga. Allah Ya saka muku da alheri.

2. Kai ba baƙo ba ne wajenta, ajinta ka zauna. Har ta tsufa tana ba mu labarin yadda kana monita ka rubuta sunanka cikin masu surutu, wai don a yi adalci. Da dariya take faɗa, amma da alfahari. Saboda haka ba zan gaya maka ko wace ce ita ba, tuna maka kawai zan yi.

Lokacin da ta fara koyarwa, yaran rugar da ke bayan makaranta ba sa daɗewa a aji. A sa su da rani, kafin kaka sun watse. Mutane suka ce Fulani ne ba sa son boko. Inna ba ta yarda ba, ta taka har rugar da sassafe ta gani da idonta. Yaro ba ya barin gida sai an gama tatsa, an ɗaure maruƙa, raɓa ta bushe shanu sun fita. Yarinya kuma sai ta taya uwarta wanke ƙore. Kafin su iso an buga ƙararrawa, bulalar makara tana jiran su a bakin ƙofa. Yaron da ya tashi tun asuba yana aiki, a tarye shi da duka a ce ya yi lalaci, gobe me zai dawo yi?

Sai ta roƙi hedimasta a bar musu 'yar kafa a dangar baya, su shigo ta nan babu duka. A madadin sharar safe da ta wuce su, su ne masu share azuzuwa bayan an tashi. Kowa ya yi aikinsa, ba wanda aka fifita. Ba a taɓa rubuta wannan tsari a takarda ba, amma hedimastoci sun zo sun tafi, babu wanda ya taɓa shi. Cikin yaran da suka bi ta wannan kafa akwai malamin dabbobi, akwai ungozomar da ta karɓi haihuwar autana.

3. Mu 'ya'yanta mun sha jin haushin wannan kafa, gaskiya. Sau da yawa kokon da ta dama mana, da yaran ruga muke raba shi. Da ta yi ritaya muka ce to, yanzu Inna ta zama tamu. Ina! Sai ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin iccen bedin da ke bakin kafar, ta kafa randa, jikokinta kewaye da ita. 'Yan mata su aje ƙoren nononsu a inuwa ta tsare musu, idan an tashi su ɗauka su wuce talla. Jikanta Sani, wanda take kira angonta, ya taɓa ɗaga faifai ya sa yatsa a ƙwaryar wata. Ranar ya gane soyayyar kaka tana da iyaka.

4. Ga kukana. Katangar da kuka gina ta rufe wannan kafa. Yanzu sai yaran sun zagaya gonaki sun biyo ta babbar ƙofa, inda sabon malamin horo, wanda bai san tsarin ba kuma ban ga laifinsa ba, yake tsaye da bulala. Ba jita-jita na ji ba, da idona na gani. Ranar kasuwa, da hantsi, lokacin da ya kamata tana aji, na ga Dije, 'yar rugar nan da ke aji shida, a gaban rumfata da ƙwarya a ka. Yarinyar da Inna ke cewa kanta ya fi na jikokinta duka, a gaban jikokin. Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai. Uwarta ce ta gaya mini mahaifinta ya gaji da ganin shatar bulala a ƙafafunta, ya ce ta zauna. Bana za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare. Idan zangon nan ya wuce tana gida, shi ke nan, ba ta komawa, ƙannenta ma za su bi sahu.

Washegari na je na duba wurin da kaina. A daidai inda kafar take, an shafe siminti sumul, an rubuta sunan Inna da shuɗin fenti, da addu'a a ƙasa. Na san don girmamawa kuka yi, kuma na gode. Amma na tsaya a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta.

Roƙona, ranka ya daɗe, a fasa 'yar ƙofa a wurin. Mu 'ya'yanta mun ɗauki nauyin ƙyaure da kwaɗo, makulli ya zauna hannun maigadi, a buɗe da hantsi a rufe. A zauna da malamin horo a gaya masa tsarin shara, a rubuta shi tun da mai tuna wa mutane ba ta nan. Sannan kai da kanka ka taka rugar, don mahaifin Dije zai ji kunyarka fiye da tawa.

Maginin da ya yi katangar ya gaya mini ba za a iya fasa ƙofa a nan ba sai sunan ya tafi. Na yi shawara da ƙannena, bakinmu ɗaya. A fasa. Mu ba za mu manta sunan uwarmu ba, Dije kuwa ba ta da wata hanyar shiga.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya shirya maka zuri'a, Ya sa aikin da kake wa makarantar nan ya tarye ka a mizani. Ita kuma Allah Ya haskaka kabarinta, Ya buɗe mata ƙofar rahama.

Wassalam.

Taka mai godiya,
Binta, 'yar Malama Hauwa,
Kankia.