Maganin Girma a Gamanata

Kona, daren Laraba

Innalillahi! Buhun ƙananan rinar nan masu kashe murzuna, tsutsar zangarniyar hatsi, a gamanata, 'yar gonata ta kaina, matan ƙungiyarmu suka rataye shi, amana, don rinar ta yaɗu kowa ya ɗiba. Yau malamin gona ya ɓare zangarniyar hatsina, sai ga tsutsa jibgegiya tana motsi, rina ko ɗaya babu.

"Inna, mi aka fesa a nan?"

Na ce maganin girman hatsi ne kawai, Yaya Sani ya kawo mani daga Tasawa, ai ba guba ba ne.

Ya ce, "Tsutsa ta ci shi cikin hatsin. 'Ya'yan rina kuma jikinta suke ci, sai su lalace."

Ni ina ta murna hatsina ya fi na kowa tsawo! Gobe Delu 'yar ƙungiyarmu za ta zo ɗibar rina ta kai gonarsu. Mi zan ba ta?