Ɗinkin Ganin Ido

Asabar, 1 ga Maris

Ɗana Auta ya zo na huɗu. Na huɗu cikin yara sama da tamanin, a tseren ƙetare daji na tantance 'yan ƙasa da shekara ashirin. Kilomita takwas, tudu biyu, rafi ɗaya mai taɓo har ƙauri. Shida na farko ne za su tafi gasar duniya ƙarshen wata. Da takalmin da na ɗinka masa da hannuna ya yi gudun, ƙusoshin ma ni na auna su ɗaya bayan ɗaya. Ban yi ihu ba, ni ba yaro ba ne. Hulata ce dai ban san inda ta faɗi ba.

Ɗan Dogo ya zo na biyu. Dogo kuwa shi ne kocin da zai kai su. Dogon ya hango ni a bakin igiya ya ɗaga mini hannu. Na duba agogona.

Litinin, 3 ga Maris

Na sauko da warin takalmin nan daga saman kanta na goge shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Irin wannan tsere, irin wannan rafi. Ina na biyar, Dogo na numfashi a ƙeyata. Muna shiga taɓo ya taka mini dunduniya, takalmin dama ya zauna a ciki. Kilomita uku na ƙarasa da ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a tsakuwa da ƙaya. Na zo na bakwai. Shi na shida.

Ya hau jirgi, ya je ya zo na casa'in da huɗu, ya dawo da riga mai tuta a ƙirji, har yau da ita yake cin abinci. Ni na dawo da takalmin hagu da sunan da aka laƙaba mini: Wari. Aji uku na sakandare na tsaya. Na fara faci a kan benci gindin bishiya, yau ina da shago mai ƙofa biyu da keken ɗinkin fata uku, kuma ba ɗan uban da ya ɗora ni. Masu kirana Wari don tsiya yanzu sai sun yi sallama.

Bai taɓa cewa yi haƙuri ba. Ko sau ɗaya.

Laraba, 5 ga Maris

Allah ba ya barci. Yau da hantsi ɗan Dogo ya shigo shagona da leda a hannu. Dogayen ƙaurin nan na ubansa sak. Ya rusuna har ƙasa.

"Baba, an ce duk garin nan ba mai iya gyaran takalmin gudu sai kai."

Na ce wa ya ce? Ya ce babansa.

To. Ashe ya sani.

Takalmin kamfani ne mai kyau, mara nauyi kamar takarda, tafinsa ya fara ɗagawa daga wajen yatsu. Na juya shi. Na dama ne. Ba ni na zaɓa ba, haka aka kawo mini shi. Ya ce da shi zai yi gasar, ɗayan da yake da shi na atisaye ne. Na ce ya dawo Asabar.

Juma'a, 7 ga Maris

Na yi.

Akwai ɗinkin da 'yan ha'inci ke yi a kasuwa, muna ce masa ɗinkin ganin ido. Zaren yana bin gefe ras kamar na gaske, amma bai ratsa ciki ya kama tafin ba, gam kaɗai ke riƙe da komai. A busasshiyar ƙasa zai yi wata yana gudu. In ya sha ruwa, taɓo ya ja shi sau biyu sau uku, sai ya wangale baki. Tun da na kama basilla ban taɓa yinsa ba, na ma taɓa korar mutum daga aiki a kansa. Amma ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Ko ha'inci na tashi yi sai na fi kowa iyawa.

Ba karya masa ƙafa zan yi ba. Kilomita uku kawai nake bin gidansu. Dogo ya tsaya a bakin igiya a ƙasar mutane ya ga yadda abin yake.

Asabar, 8 ga Maris

Ya karɓa. Ya lanƙwasa shi, ya yi ta godiya har ta ishe ni. Uwar yara ta ce da na shigo gida, "Baban Auta, yau kuma wa ka ci wa mutunci kake fara'a haka?" Matar nan.

Litinin, 10 ga Maris

Sun tafi sansani, tafiyar awa huɗu. Na naɗe wa Auta takalminsa a sabon ƙyalle, na ba shi ƙusoshin canji dogaye don taɓo. Na ce ya riƙa barin tazara tsakaninsa da na bayansa in za a shiga ruwa, ko da abokinsa ne. Musamman ma abokinsa. Ya yi dariya, ya ce, "Baba, har yanzu?"

Har yanzu.

Alhamis, 13 ga Maris

An ce ƙasar da za su je kullum cikin ruwan sama take. Madalla.

Talata, 18 ga Maris

Auta ya bugo waya da azahar. Wai wani jami'i ya zo sansani da takarda ya duba takalman kowa, ya ce nasa ba zai shiga gasa ba, ba ya cikin jerin na kamfanonin da aka yarda da su. Takalmin da na yi sati uku a kansa! Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai iya ɗinkewa ba! Ina cikin zagin jami'in da kakanninsa sai yaron ya katse ni.

"Kar ka damu, Baba, an samu mafita. Ɗan koci ya ba ni nasa, sawunmu ɗaya. Wanda ka gyara ma. Ya ce tunda hannunka ya taɓa shi, ni ya fi dacewa da shi."

Ban san me na ce masa ba. Ina jin na ce to.

Laraba, 19 ga Maris

Na kira shi na ce su yi musaya, ya karɓi na atisayen. Ya ce don me, alhali wannan ya fi kyau, kuma ni na gyara? "Ko akwai abin da ya fi ɗinkinka?" Ni na koya masa wannan maganar tun yana rarrafe, yau ta dawo ta shaƙe ni.

Asabar jirginsu zai tashi. Ba a sayar da irinsa a nan. In na yi shiru, ɗana zai ƙarasa da ƙafa ɗaya a gaban duniya, su ma su sa masa sunana.

Na gaya wa uwar yara. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni, irin kallon da take wa kifin da ya kwana. Ba ta yi salati ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ɗan mutane kuma da shi ne zai sa, da shiru za ka yi ke nan?" Na ce ba wannan ake magana ba. Ta ce, "Ɗauki basillarka ka kama hanya."

Duk laifin Dogo ne. Da bai taka ni ba, da duk ba a zo nan ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Jiya na je. Motar farko na shiga, da jakar aiki a cinya. Na shirya ƙaryata tsaf: na zo in ƙara duba ƙusoshi ne.

Na tarar da yaran sun fita zagaye. Dogo kaɗai ke zaune a benci bakin fili, da usur a wuya da tumbin da ya ajiye, takalmin kuma na gefensa kamar mai jiran baƙo. Ko gaisawa ba mu yi ba.

"Wari, ka makara. Tun Laraba nake zuba ido."

Ya ɗaga shimfiɗar cikin takalmin ya nuna mini. Ba zare ko ɗaya a ciki. Ya ce shekara ashirin yana duba takalman yara, ya san ɗinkin da ya ratsa da wanda bai ratsa ba, kuma tun ranar da yaron ya kawo shi gida ya gani. Da jami'i ya hana na Auta, shi ya ce wa ɗansa ya ba shi wannan.

Jini ya hau mini kai. Na ce da ɗana ka yi caca? Ya ce kai da nawa ka yi me? Na ce in da ban zo ba fa? Ya ce da ya cire shi daga jaka kafin jirgi, shi ba mahaukaci ba ne, amma ya san zan zo. Wai ya san ni! Mutumin da rabona da yi masa magana tun ba a haifi yaran nan ba.

Na ce ka taka ni a rafi. Na ɗauka zai musa, na shekara talatin ina tanadin amsar musunsa. Sai ya ce, "Na taka. Da gangan ne ko ba da gangan ba, wallahi ni kaina yanzu ban sani ba. Amma na ji takalmin ya fita, kuma ban waiwaya ba. Wannan na sani." Ya shiga murza usur. Wannan ba ban haƙuri ba ne. Na lura, kuma na rubuta.

Na zauna a ƙarshen bencin, nesa da shi, na farke ɗinkina da hannuna. Na sake shi layi biyu, kowane ɗinki ya ratsa har ciki, na ja zaren sai da ya yanke ni a yatsa. Yaran suka dawo suna haki suka zagaye ni. Auta ya ce lafiya, Baba? Kafin in buɗe baki Dogo ya ce shi ya kira ni in duba takalman tawaga, kowa ya cire nasa ya kawo.

Ya rufa mini asiri a gaban ɗana. Wannan ya fi taka dunduniyar ciwo. Ba zan yafe masa wannan ba.

Takalma goma sha biyu. Na ɗansa na atisayen nan dunduniyarsa ta saki, da ba zai kai rabin tsere ba. Shi na fi daɗewa a kai. Ba don uban ba. Aikina ne zai fita ƙasar waje.

Asabar, 29 ga Maris

Na rufe ƙofa ɗaya na shago muka kalla a talabijin, ni da uwar yara da masu shagunan layi. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, filin ya zama kunu. Kowa na neman fuskar Auta, ni ƙafafu nake kallo. A zagaye na biyu wani yaron wata ƙasa ya bar takalminsa a taɓo, ya ci gaba yana ɗingishi. 'Yan layi suka fashe da dariya. Na ce duk wanda ya ƙara dariya ya fita mini daga shago.

Ɗan Dogo na goma sha tara. Auta na ashirin da bakwai, cikin yara ɗari da wani abu. Ashirin da bakwai! Wani a zamaninsa casa'in da huɗu ya zo.

Na ƙirga takalman yaranmu a layin ƙarshe. Sha biyu suka tafi, sha biyu suka shigo.

Talata, 8 ga Afrilu

Auta ya kawo mini takalmin da taɓonsa, ya ce kar a wanke. Na rasa inda zan sa shi, sai na sauke tsohon warin nan na jefa a kwandon guntayen fata. Wuri ne kawai ya yi ƙaranci a saman kanta.

Dogo ya zo da hantsi, wai igiyar takalminsa ta tsinke. Na duba. Da reza aka yanke ta, ni za a gaya wa fata? Na ce aiki ya yi mini yawa, ya dawo Alhamis. Bai tafi ba. Ni ban ce ya zauna ba, kujerar ce dai take a wurin.

Shayin da na zuba masa ma ragowa ne.