Garma Ce a Kafaɗarsu

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ba ka sauraron kowa sai bakinka, to yau ka yi shiru, ni zan yi magana.

Inna tana nan a ɗakinta a unguwar Wambai, ta rame, ƙafar nan tana damunta. An zo mana gaisuwar rasuwarka ba laifi, amma daga ƙauyen su Inna na bayan Lambata ko mutum ɗaya bai tako ƙofarmu ba. Ka fi kowa sanin dalili.

Duk Suleja an san ka da ƙarya. Tun kana garejin Gauraka kake ce wa direbobi ka taɓa tuƙa minista, a yi dariya a saya maka shayi. Da 'yan bindiga suka tare motarku suka shige daji da kai, kana musu girki da ɗiban ruwa har ka samu ka gudo, mun yi kuka mun gode Allah. Sai kawai muka ji ka tafi Abuja ka ce kai babban kwamandansu ne ka tuba. Kai da ko kaza ba ka iya yankawa sai ka kira maƙwabci!

Jami'an tsaro suka ajiye ka a otal mai sanyi, suna ce maka Oga, kullum suna son sabon labari. Dajin da aka tsare ka ko sunansa ba ka sani ba, ido a ɗaure aka shiga da kai. Da labarinka ya ƙare sai ka miƙa musu wurin da ka sani tun kana yaro, garin uwarka. Ka kwatanta musu tsamiyar bakin hanya da rijiya da rumbunan Kawu Sale, yayan Inna. Ka ce makamai ne a rumbunan. Ka ce da ruwa ya sauka za su ga samari sun taru a kan babura. Suka ɗauki hoto daga sama, ga tsamiya, ga rijiya, ga rumbuna. Shi ke nan ka zama mai gaskiya.

Su ma ban wanke su ba. Da sun tako layinmu sun tambayi wanene Habu, da an ba su amsa kafin su kashe mota. Ba su zo ba saboda ba sa son sani. Sun riga sun ƙudurta shiga yankin, baki kawai suke nema da zai faɗi abin da suke so, suka samu naka.

Ruwa ya sauka, Kawu ya kira gayyar kunyar doya kamar kowace shekara. Samari suka fito da hantsi a kan babura, kowa da garmarsa a kafaɗa, makaɗi a gaba. Kai ma ka sha zuwa gayyar nan, ba don noma ba, don tuwo. Ka san garma ce, Habu, ba bindiga ba. Ka sani. Jirgi ya zo ya sauke musu wuta a bakin gona. Isa da Garba, 'ya'yan Kawu da kuka yi wanka tare a rafi, a buhu aka tattara su. Rediyo ta ce an hallaka 'yan ta'adda, motocin jami'an tsaro suka bi sauran ƙauyuka suna ƙone-ƙone. Da aka fasa rumbunan, dawa ce a ciki. Wa ya ba da haƙuri? Kai dai aka kore ka daga otal, ka dawo Gauraka kana ɓuya har zazzaɓi ya kwantar da kai.

Ranar jana'izarka ina cikin gida na ji liman yana roƙon jama'a su yafe maka, maza suka amsa baki ɗaya. Cikinsu wa ya binne ɗa saboda kai?

Inna ta matsa mini in je in durƙusa gaban Kawu in nema maka yafiya, ko kabarinka ya yi sauƙi. Ita kanta tun abin nan ba ta iya taka garinsu ba, tana tsoron ta mutu ba ta ga ɗan'uwanta ba. Na je. Matar Isa ce ta kawo mini ruwa, goye da yaron da bai taɓa ganin ubansa ba. Gonar ta zama ciyawa. Ba a ƙara kiran gayya a garin ba, samari ba sa yarda su taru, garma ma a hannu suke riƙe ta ƙasa-ƙasa. Kawu ya tsufa. Abin da ya fara tambayata ƙafar Inna.

Na durƙusa, amma ban roƙa maka komai ba. Inna na roƙa wa. Ya ce ƙanwarsa ta zo ko yau, ƙofa a buɗe take, sai dai kada ta shigo masa da sunanka. Na faɗa mata yadda aka yi ban rage ba. Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ce in wanke mata mayafi. Ranar Juma'a zan kai ta, kai kuma a nan za mu bar ka.

Saura abu ɗaya. Da ka riƙe hannuna a asibiti kana cewa in yafe maka, na sunkuyar da kai ban amsa ba, ka ɗauka kuka ne ya hana ni. Ba kuka ba ne. Ban yafe ba a lokacin, yau ma ban yafe ba. Ina yi maka addu'a don Inna tana kallona, amma Isa da Garba nake fara ambata.

Sai mun haɗu gaban Allah, inda ba a ɗaukar labari ba bincike.

Ƙanwarka,
Rabi